Shin sauya ƙwayayen fitilar gida zuwa LED yana rage kuɗin wuta da gaske?

Wani magidanci da ke zaune a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Tun da aka sa mana mita mai kati, yunit ba ya daɗewa a gidana. Ina da ƙwayayen fitila 12, wasu jajaye ne irin na da, wasu murɗaɗɗu, akwai kuma dogaye biyu. An ba ni shawarar in koma LED, amma biyun da na gwada ba su yi wata uku ba suka mutu, ga su kuma da tsada. Shin sauyin yana da riba, ko kuwa talla ce kawai?"

Malam, sauyin yana da riba, kuma ga wanda yake da mita mai kati da wuya a sami wani gyara a gida da ke mayar da kuɗinsa da sauri kamar cire jan ƙwai a sa LED a gurbinsa. Sai dai ribar ba ɗaya ba ce ga dukan ƙwayayenka 12, sannan mutuwar biyun da ka gwada tana da sanannun dalilai, waɗanda yawancinsu tun a wurin saye ake kauce musu. Bari mu fara da lissafi, domin shi ne zai nuna maka inda yunit ɗinka ke tafiya.

Mita tana ƙirga yunit ɗaya ne idan aka ja wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Lambar wat da ke jikin ƙwai tana faɗin wutar da yake sha, ba hasken da yake bayarwa ba. Shi haske da lumen ake auna shi. Lamarin kamar na saniya ne, dusar da take ci daban, nonon da take bayarwa daban, kuma mai hankali nonon yake dubawa kafin ya saya. Jan ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar gasa wani siririn zare na ƙarfe har ya yi jawur, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ɗan ragowar ne kaɗai haske. Jan ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Murɗaɗɗen ƙwai, wanda ake kira CFL, yana ba da wannan haske da wat 13 zuwa 15, shi kuwa LED mai kyau da wat 8 zuwa 10 yake bayar da shi. Haka nan jan ƙwai mai wat 100, wanda ke ba da kimanin lumen 1,500, LED mai wat 14 ko 15 yana maye gurbinsa, mai wat 40 kuma LED mai wat 5 ya ishe shi.

Mu ɗauki gida mai jajayen ƙwayaye 10 masu wat 60, ana kunna su awa 6 kowane dare. Wat 600 ke nan sau 6, wato yunit 3.6 a dare, yunit 108 a wata. Idan aka maye su da LED masu wat 9, jimlar za ta koma wat 90, abin da za su sha a wata kuma bai wuce yunit 16 da ɗoriya ba. Bambancin ya kusa yunit 92, alhali hasken ɗakunan bai ragu ba. Ƙimar wannan a naira ta danganta da rukunin da layinka yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin yunit ga rukunin Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage shi. A kan wancan farashi, yunit 92 ya haura naira 20,000 a wata. Ga sauran rukunoni farashin ya yi ƙasa da haka sosai, kuma rasit ɗin da kake karɓa idan ka sayi wuta daga kamfanin rarraba wuta na KEDCO zai taimake ka ka gane naka: ka raba kuɗin da ka biya da adadin yunit ɗin da aka ba ka. Idan misali naira 65 ya fito, yunit 92 zai kama kusan naira 6,000.

Lissafin ƙwai ɗaya ma ya fi sauƙin riƙewa. Cire mai wat 60 a sa mai wat 9 yana rage wat 51, a awa 6 na kwana 30 kuma yunit 9 ke nan da 'yan kai. Mu ƙaddara ka sayi ƙwan naira 2,000. Idan kana Band A, a kan naira 225 ɗin nan wata guda ya isa ya fanshi kansa, idan kuwa kana biyan naira 65 ne, zai ɗauki wata uku zuwa huɗu. Daga nan duk watan da ya ƙara yi yana aiki riba ce, kuma wannan shi ya sa ingancinsa ya fi farashinsa muhimmanci, domin a kan naira 65 ƙwan da ya mutu a wata uku bai kai ga fara biyanka ba.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne yawan awannin da ƙwai ke yi a kunne ne ke tantance ribarsa. Saboda haka idan ba za ka iya sauya su duka a lokaci ɗaya ba, kada ka fara da falo don baƙi su gani. Ka fara da fitilar ƙofar gida da ta tsakar gida da ta zaure, waɗanda ake kunnawa da magariba ba a kashe su sai bayan sallar asuba. Jan ƙwai ɗaya mai wat 100 da ke kwana a kunne na awa 11 yana shan yunit 33 a wata, shi kaɗai, alhali LED mai wat 15 yunit 5 zai sha a wannan wuri. A gidaje da yawa wannan ƙwai ɗaya ya fi ƙwayayen ɗakunan kwana biyu ko uku cin wuta. Bayan su sai ɗakin girki da falo da ɗakin da yara ke karatu. Ƙwan makewayi ko na ɗakin ajiya, wanda ba ya yin rabin awa a kunne a yini, ana iya barinsa har ya mutu don kansa, matuƙar mutanen gida suna kashe shi idan sun fito.

Murɗaɗɗun ƙwayayenka kuwa, ban ga dalilin gaggawar cire su ba. Tsakanin wat 15 da wat 9 bambancin wat 6 ne kacal, wanda a awa 6 kullum bai fi yunit ɗaya da kaɗan a wata ba. Ka bar su su ƙare aikinsu, duk wanda ya mutu ka maye shi da LED, amma kada ka sake sayen murɗaɗɗe. Dogayen biyu suna tsaka-tsaki. Mai tsawon ƙafa 4 yana ɗauke da wat 36 ko 40, ga kuma cok, wato na'urar da ke cikin gidansa tana daidaita masa wuta, wanda shi ma yake shan nasa kason, sannan idan wuta ta zo ba ƙarfi sai ya riƙa ƙyaftawa ya ƙi kamawa. Dogon LED mai wat 18 yana maye gurbinsa, sai dai sau da yawa ana buƙatar cire cok da sitata a sake haɗa wayar, don haka wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na maigida ba.

Ya kamata in faɗa maka iyakar abin da za ka samu, don kada ka sa rai fiye da kima. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, rishon lantarki da hitar dafa ruwa suna jan wat 1,000 zuwa 2,000, firiza kuma tana aiki dare da rana. Idan ana dafa wake a rishon lantarki ko ana ɗora ruwan wanka a hita kowace safiya a lokacin hunturu, sauya fitilu zai rage wani abu, amma yunit zai ci gaba da gudu. Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiyar gidanka ita ce ka rubuta adadin yunit ɗin da ke kan mita da magariba, ka sake dubawa da asuba, a 'yan kwanakin da wuta ta kwana, sannan ka maimaita bayan sauyin ba tare da ka canza komai a sauran kayan ba. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, shi ba zai ga ragi kai tsaye a takardarsa ba, ribarsa tana wajen raguwar zafi a ɗaki da daina sayen ƙwai a kai a kai, domin jan ƙwai kimanin awa 1,000 aka ƙera shi ya yi, LED mai inganci kuma ana sa ran ya yi awa 15,000 ko fiye.

Mai janareta ma ya sani cewa man ba zai ragu daidai da yadda wat ya ragu ba, saboda injin yana shan mai ko da lodin da ke kansa kaɗan ne. Abin da zai samu shi ne sarari. Ƙaramin janaretan nan da ake ajiyewa a ƙofar shago ba ya ɗaukar fiye da wat ɗari shida zuwa bakwai cikin natsuwa, to jajayen ƙwayaye 10 kaɗai sun kusa cika shi, amma da LED sai a haska gidan duka, a kuma kunna fanka da talabijin. Wanda ya fi kowa cin moriya shi ne mai sola ko inbata. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da kimanin wat 2,400 na awa ɗaya, kuma idan na darma ne rabin wannan ake so a sha domin ya yi ƙarko. Jajayen ƙwayaye 10 za su cinye wannan rabi cikin awa 2, LED 10 kuwa za su kwana a kansa. Duk gidan da aka sa sola aka bar jan ƙwai a ciki, an yi asarar kuɗin batir.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa naka suka mutu, domin nan ne yawancin mutane ke yanke ƙauna. A cikin ƙwan LED abubuwa biyu ne: 'yan ƙananan idanun da ke ba da haske, da wani ɗan allon lantarki a gindinsa wanda ke sarrafa wutar gida ya mai da ita irin wadda idanun ke buƙata. Sau da yawa wannan allo ne ke fara lalacewa, kuma babban abin da ke kashe shi zafi ne. LED ba ya ƙona hannu kamar jan ƙwai, amma gindinsa yana ɗumi, kuma dole ɗumin ya sami hanyar fita. Ƙwai mai kyau ana sa masa alminiyam a ciki don ya janye zafin, shi ya sa za ka ji yana da ɗan nauyi a hannu. Na araha roba ce zalla, kuma domin a rage kuɗin ƙira sai a sa idanu kaɗan a tura musu wuta fiye da ƙarfinsu, ya yi haske mai ɗaukar ido a shago, bayan 'yan makonni ya dusashe ko ya fara ƙyaftawa. A Kano, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ƙwan da aka rataye dab da rufin kwano mara silin, ko aka kulle cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, yana aiki ne a yanayin da ya fi wanda aka gwada shi a ciki tsanani. A irin waɗannan wurare a sassauto da wayar ƙwan ya yi nesa da kwano, a cire murfin da ya rufe shi ruf, kuma ƙwayaye biyu masu wat 9 sun fi ɗaya mai wat 20 jure zafi, sun kuma fi shi rarraba haske a ɗaki.

Dalili na biyu shi ne hawa da saukar wuta. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ya kamata ta kasance, amma kowa ya san a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan takan faɗi ƙasa sosai da daddare, wani lokaci kuma ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. A jikin kwalin kowane ƙwai ana rubuta iyakar wutar da yake ɗauka. Wanda aka rubuta 220 zuwa 240 bai dace da yawancin unguwanninmu ba. Ka nemi mai faɗi, kamar 85 zuwa 265 ko 100 zuwa 265, wanda ke riƙe haskensa yadda yake ko da wuta ta yi rauni. Idan kuma ka lura ƙwayaye suna yawan mutuwa a wuri ɗaya, ko kuma wasu ɗakuna suna ƙara haske daidai lokacin da wasu ke dusashewa, to matsalar ba ta ƙwai ba ce. Ko dai holdar ta saki tana tartsatsi, ko wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta kwance a wani wuri, kuma wannan na biyun yana iya ƙona talabijin da firji, don haka a kira mai gyara ba tare da jinkiri ba.

A wurin saye, lumen za ka fara nema a kwali. Idan ba a rubuta shi ba, ka ajiye ƙwan. Idan an rubuta, ka raba shi da wat: ƙwai mai kyau a yau yana ba da lumen 90 zuwa 100 ko fiye a kan kowane wat ɗaya, wanda ya gaza 80 kuma bai cancanci kuɗinka ba. Ka yi hattara da ɗan ƙaramin ƙwai mara nauyi da aka rubuta wa wat 30 ko 40, domin jikinsa ba zai iya fitar da zafin wannan wuta ba, lambar ce kawai aka ƙara don a ƙara farashi. Ka sa mai shago ya kunna maka shi, ka dube shi ta kyamarar wayarka. Idan ka ga layuka baƙaƙe suna gudu a fuskar wayar, hasken yana rawa ne ko da ido bai gani ba, kuma irinsa yana gajiyar da ido, musamman ga mai karatu ko tela. Ka duba sunan kamfanin da ya ƙera shi da alamar hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, ka sayi mai garanti a shagon da yake da mazauni, ka sa a rubuta ranar saye a gindin ƙwan da alƙalami, ka kuma adana rasit. Ɗan kasuwar da ya yarda zai canza maka idan ya mutu cikin shekara ya san abin da yake sayarwa. Kafin ka fita daga gida kuma ka duba holdojinka, domin iri biyu ne: mai fil biyu da ake dannawa a juya, wadda ake rubuta wa B22, da mai murɗi, wadda ake rubuta wa E27.

Launin haske ma yana da lamba, wadda ake bi da harafin K. Mai 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwanninmu kuma mutane da yawa suna ɗauka ya fi haske, alhali idan lumen ɗinsu ɗaya ne hasken ɗaya ne. Mai 2700K zuwa 3000K yana kama da jan ƙwai, mai 4000K kuma yana tsakiya. A ganina farin ya dace da ɗakin girki da shago da wurin ɗinki, amma ɗakin kwana mai ɗan ja-ja ya fi dacewa da shi, saboda haske mai shuɗi da daddare yana jinkirta barci. A tsakar gida da damina ma mai ɗan ja-ja bai kai farin tara ƙwari ba.

Ƙwayayen nan masu batir a ciki, waɗanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta, suna da amfani a ɗaki ɗaya ko biyu da kuma hanyar makewayi. Sai dai hasken da suke bayarwa a kan batir bai kai na kan wuta ba, awanni kaɗan suke yi, kuma batirin yana raunana kafin ƙwan, musamman a ɗaki mai zafi, don haka ba na ba da shawarar a cika gida da su. Wani abin da za ka iya gani bayan sauyin shi ne LED ya riƙa ɗan haske ko bayan an kashe makunni. Sau da yawa wannan alama ce cewa mai wayarin ya sa makunnin a kan nutural maimakon waya mai wuta, ma'ana holdar tana ɗauke da wuta ko a kashe take. Jan ƙwai yana ɓoye wannan kuskure saboda yana buƙatar wuta mai yawa kafin ya kama, amma haɗarin yana nan ga duk wanda ya hau kujera zai canza ƙwai, kuma gyaransa ba shi da wuya ga wanda ya san aikin.

Saura batun murɗaɗɗun da dogayen idan sun mutu. Waɗannan ƙwayaye sun yi aikinsu a zamaninsu. A shekarar 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba kimanin CFL miliyan 6 kyauta a madadin jajayen ƙwayaye, kuma buƙatar wutar ƙasar a lokacin da aka fi jan ta ta ragu da kimanin megawat 124. A lokacin LED bai yi arahar da za a sa shi a gidaje ba, duk da cewa tun farkon shekarun 1990 masanan nan uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske wanda farin ƙwan yau ya samo asali daga gare shi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Aibin CFL shi ne yana ɗauke da ɗan sinadarin makyuri, wato zaiba, mai cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da makyuri sun amince a 2022 a daina ƙera irin na gida da cinikinsa tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2025. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga da ƙofa na minti 10 zuwa 15, a kwashe gilasan da kwali da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya wadda ke tayar da ƙurar, a zuba duka a gwangwani ko kwalba mai murfi. Kada a bar yara su yi wasa da dogon ƙwan da ya mutu, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Jajayen da za ka cire kuwa, idan suna da sauran rai, ka ba wani mai kiwon kaji. Masu renon 'yan tsaki zafin jan ƙwai suke nema a makonnin farko, musamman da hunturu, kuma LED ba zai ɗumama musu akurki ba. Idan a gidanka ma ana renon, ka bar jan ƙwai a wannan wuri ɗaya, ka rataye shi nesa da buhu da dusar katako, a kan holdar tangaran wadda zafi ba ya narkar da ita.